Gem ɗin adaidaita sahu: wane inji zan ɗauka?

Sadiq Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah kada a yi min dariya. Wata uku ke nan ina da burin haɗa gem na waya. Kai ne direban adaidaita sahu, ka ɗebi fasinja daga Bata zuwa Kabuga, kana kauce wa ramuka da masu kurar ruwa, da yamma ka kai wa mai mashin kuɗin balas, abin da ya rage naka ne. Sai na ga wani bidiyon injin haɗa gem mai suna Unreal Engine 5 a YouTube, wallahi duwatsun ciki kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Kwana biyu na yi ina sauke injin, data ta ƙare min sau biyu. Da na buɗe, fankar laftof ɗina ta kama kuka kamar injin markaɗe, in na matsa linzami sai na ƙirga uku kafin hoton ya motsa. Laftof ɗin tsohuwar Core i5 ce, ram 8, ba ta da katin hoto na daban. Shin in haƙura in tara kuɗi in sayi babba, ko akwai wata hanya? Kuma gaskiya ma ban gama gane mene ne aikin injin nan ba.

Abba Ɗan Zariya:
Bakano ke nan. Bai iya tuƙa keke ba, ya je ya yi cinikin tirela.

Sadiq Fagge:
Na san za ka fito. Ku da ko fasinjan kirki ba ku da shi daga Kwangila zuwa Samaru, ina ruwanka.

Malam Haruna:
Wa alaikumus salam. Sadiq, bari in fara da tambayarka ta ƙarshe, don in ka gane ta sauran za su zo da sauƙi.

Duk gem ɗin da ka taɓa bugawa, abu ɗaya yake maimaitawa ba hutu: ya duba me yatsanka ya danna, ya lissafa ina kowane abu ya matsa, ya duba wa ya bugi wa, ya saki sautin da ya dace, sannan ya zana hoton a fuskar waya. Wannan zagaye guda shi ake kira firem. In gem yana tafiya a firem 60 cikin daƙiƙa, to duk aikin nan sai ya kammala cikin kashi 1 bisa 60 na daƙiƙa, wato kusan milisakan 16 da ɗoriya. In firem 30 ne, milisakan 33. Ya wuce haka, sai ka ga hoto yana sarƙewa, abin da ya same ka ke nan.

To injin gem shi ne duk waɗannan kayan aikin an riga an ƙera su an ajiye maka wuri guda: mai zana hoto, mai lissafin nauyi da karo, mai sauti, mai motsa gaɓoɓin mutum, mai karɓar taɓawar allo, da wanda zai naɗe aikin ya mayar da shi fayil ɗin da waya za ta karɓa. Kamar ka kama hayar shagon kafinta ne ka tarar da zarto da injin fira da benci duk a jere. Kujerar dai kai za ka yi ta, amma ba sai ka fara da ƙera zarto ba.

A da kowane kamfani shi yake ƙera zartonsa a kowane gem. Abin ya fara sauyawa ne wajen 1993 da kamfanin id Software ya fitar da Doom, inda suka raba injin daban, taswirori da hotuna daban a wani fayil, har 'yan wasa suka riƙa ƙirƙirar nasu matakan. Injin Quake na 1996 kuma aka riƙa ba wasu kamfanoni lasisinsa. Half-Life na 1998 a kan gyararren injin Quake aka gina shi. A shekarar 1998 ɗin ne kamfanin Epic suka fitar da gem mai suna Unreal, injinsa ne jikansa yake ƙona maka laftof yanzu.

Sadiq Fagge:
Allah ya saka da alheri Malam. Yau na gane. Ashe ba inji ne zai yi min gem ɗin ba.

Baffa Arkitek:
Ƙanina kada ka bari a tsorata ka. Abin da ka gani a bidiyon nan ba rufa ido ba ne, kuma yana da suna. Na farko Nanite. Duk abin da ka gani a gem, mutum ne ko mota ko dutse, da ƙananan alwatika aka ɗinka shi. A da, mai zane sai ya yi dutse ɗaya kala uku ko huɗu: mai alwatika da yawa don in ka matso kusa, mai kaɗan don in kana nesa, injin yana musanya su. Shi ya sa a tsofaffin gem za ka ga bishiya ta yi tsalle ta sauya kama kana tunkararta. Nanite ya ɗauke wannan wahalar. Ka zuba masa dutse mai alwatika miliyoyi, shi zai yanke shawarar nawa zai zana gwargwadon girman abin a fuskar allo.

Na biyu Lumen, shi kuma haske. A duniya haske ba ya tsayawa inda ya faɗa, yana dukan bango ya dawo, shi ya sa ɗaki mai jan kafet za ka ga silin ya ɗan yi ja. A da wannan lissafin sai an bar kwamfuta ta kwana tana yi, a gasa shi a jikin bango, kuma in ka matsar da fitila sai a sake daga farko. Lumen nan take yake yi. Tun 2020 suka nuna su a kan PlayStation 5, injin ya fito sosai a Afrilun 2022.

Ni ba gem nake yi da shi ba, gidaje nake zanawa a Abuja. Akwai wata Hajiya da muka zana wa gida, na ba ta linzami ta shiga ciki tana yawo tun ba a sa bulo ɗaya ba. Ta shiga kicin, ta ce in mayar mata da rana lokacin la'asar. Na ja ranar. Sai ga kicin ya yi duhu, don tagar gabas take kallo kuma katangar maƙwabci ta tare ta. Ta ce ita da yamma take girki, a mayar da tagar ɗaya ɓangaren. Minti goma muka gyara. Da a kan takarda ne, sai an yi rufi za ta gane, a zo ana fasa bango ana rigima da magini.

Kuma kuɗi? Ba ka biyan ko sisi sai gem ɗinka ya kawo dala miliyan ɗaya, daga nan Epic su karɓi kashi 5 cikin ɗari na abin da ya hau. Ga Blueprint, kana jona akwatuna da zare maimakon rubuta kod na C++. Me kake nema kuma?

Zainab K.:
Yaya Baffa, ram nawa ne a kwamfutarka?

Baffa Arkitek:
32. Da katin hoto na RTX. Me ya kawo wannan?

Zainab K.:
Shi ke nan, na gama tambaya.

Sadiq, ni tambayar da zan yi maka ba ta inji ba ce. Wa zai buga gem ɗin nan? Yaron shago a Kwari, ɗalibi a hostel, shi kansa direban adaidaitar in yana jiran layi. Wace waya ce a hannunsu? Mai ram 2 ko 3, ma'ajiyarta cike da bidiyon biki, in ka ce ya sauke abu mai giga ɗaya sai ya goge hotunan matarsa. Nanite da Lumen da Yaya Baffa yake yabo, gaskiya ne suna da ban mamaki, amma ba don irin waɗannan wayoyin aka yi su ba. Ko ka sayi babbar kwamfuta, ranar da za ka fitar da gem ɗin zuwa waya kashe su za ka yi. To ka sayar da gona don abin da za ka kashe?

Ni shekara huɗu ina aiki da wani inji mai suna Unity. A Denmak aka faro shi, ya fito a 2005, da yaren C# ake rubuta masa kod. Duba wayar ƙaninka: Subway Surfers, Free Fire, Call of Duty Mobile, Among Us, duk Unity ne. Zai buɗe a laftof ɗinka, ba da gudu ba amma zai buɗe. Kuma duk matsalar da za ka ci karo da ita, wani ya riga ka cin karo da ita shekara goma da suka wuce ya rubuta maganinta a intanet. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ba shi da malami a kusa.

Baffa Arkitek:
PUBG Mobile fa? Unreal ne, kuma a irin wayoyin nan ake buga shi. eFootball ma da suka bar injinsu na Fox, Unreal suka koma.

Zainab K.:
Haka ne, ban musa ba. Amma Unreal 4 ne, babu Nanite babu Lumen, kuma rundunar injiniyoyi ce ta zauna ta rage masa ƙiba har ya shiga waya. Sadiq shi kaɗai ne, da janareton maƙwabci.

Iliya Damagaram:
Salamu alaikum ƴan uwa, ina biye da ku tun ɗazu. Malama Zainab, da girmamawa, kin faɗi alherin Unity kin tsallake Satumbar 2023. Sadiq ya kamata ya ji wannan kafin ya zuba shekarunsa.

A watan nan kamfanin ya wayi gari ya sanar cewa daga Janairun 2024 zai riƙa karɓar kuɗi a kan kowace saukewa, har santi 20 na dala, ga gem ɗin da ya wuce dala 200,000 a shekara da saukewa 200,000. Ba a kan ciniki ba, a kan saukewa. Ka yi tunanin gem na kyauta da yake rayuwa da talla, inda mutum ɗaya ba lalle ya kawo maka santi 20 ɗin ba. Kuma har da gem ɗin da aka riga aka fitar a ƙarƙashin tsohuwar yarjejeniya. Duniyar masu gem ta yi caa. Shugaban kamfanin, John Riccitiello, ya sauka a Oktoba. Masu gem ɗin Terraria suka ba wani inji mai suna Godot kyautar dala 100,000 don nuna fushinsu. Masu gem ɗin Slay the Spire suna tsakiyar aikin kashi na biyu a Unity suka kwashe kayansu suka koma Godot.

Ni Godot nake amfani da shi. Mutum biyu ƴan Ajantina ne suka faro shi, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka sake shi ga kowa a 2014 da lasisin MIT. Ma'anarsa ba mai shi ballantana ya sauya maka magana. Ba rijista, ba kaso, ko ka samu biliyan. Saukewarsa ba ta kai mega 100 ba, fayil ɗaya ne, ka danna ya buɗe, kana iya yawo da shi a filashi. Yarensa GDScript, kamar yaren kod na Python yake. Har a wayar Android akwai shi, ni da shi nake gwaje-gwaje in an ɗauke wuta.

Zainab K.:
Malam Iliya ka ƙarasa labarin mana. Sun janye tsarin gaba ɗaya a Satumbar 2024, kuma suka ɗaga iyakar amfani kyauta zuwa dala 200,000. Sadiq ya fara samun dala dubu ɗari biyu tukuna, sai mu zauna mu yi kukan tare.

Iliya Damagaram:
Sun janye, gaskiya ne. Amma wanda ya taɓa sauya maka kuɗin haya kana tsakiyar shekara, ko ya ba ka haƙuri, ka san ginin ba naka ba ne.

Zainab K.:
To ai gidan naka ma da yoyo. Ka gaya masa cewa mega 100 ɗin nan na buɗewa ne kawai, ranar fitar da gem sai ya sauke wasu fayilolin da suka kusa giga ɗaya. Ka gaya masa sa talla a Godot sai ya nemo ƙarin kayan aiki daga waje ya yi ta fama, alhali gem na kyauta da talla yake ci. Kasuwar kayan da aka riga aka ƙera, motoci da gidaje da mutane, ta Unity ta ninka taku nesa ba kusa ba. Kuma in gobe yana neman aiki a kamfanin gem a Legas ko waje, Unity ko Unreal za a fi tambayarsa.

Iliya Damagaram:
Na karɓi ta talla da ta aiki. Ta kasuwar kaya kuwa, a wace kasuwa zai samu adaidaita sahu mai rubutun "Sai Haƙuri" a baya? Dole ya zauna ya ƙera abinsa a Blender, manhajar ƙera siffofin abubuwa, ko wane inji ya ɗauka.

Abba Ɗan Zariya:
Admin a kawo ruwa, an fara dambe.

Admin:
Ba dambe, muhawara ce mai amfani. A ci gaba amma a bar gugar zana.

Maman Hanif:
Ni ba na gane rabin abin da kuke faɗa, amma ina da tambaya. Na ji an ce har fim ake yi da injin nan. Gaskiya ne? Kuma 'yan fim ɗinmu za su iya?

Baffa Arkitek:
Gaskiya ne Hajiya. Shirin The Mandalorian na 2019 shi ya fito da abin fili. Maimakon koren ƙyalle, sai suka kewaye 'yan wasa da katon bangon allo, Unreal yana zana hamada ko sararin sama a jiki, in kyamara ta matsa hoton bayan ma ya matsa daidai. Hasken allon kuma yana sauka a fuskar ɗan wasa kamar da gaske yana wurin. Bangon nan kam kuɗinsa ba na wasa ba ne, ban ga mai ɗaukarsa a nan kusa ba. Abin da za su iya tun yau shi ne su gina wurin a kwamfuta, misali tsohuwar ganuwa da ƙofar gari don fim ɗin tarihi, su tsara inda kyamara za ta tsaya kafin a kwashi mutane a tafi daji.

Malam Haruna:
Sadiq, ka ji kowa. Ni ba zan zaɓar maka ba, sai dai in ba ka aiki. Ka ɗauki wanda laftof ɗinka za ta buɗe ba tare da kuka ba. Ka manta da Bata da Kabuga. Ka yi fili, ka sa akwati mai ƙafa uku, ka sa ya yi gaba ya yi kwana ya tsaya. Sati ɗaya. In ka dawo da wannan, sai mu yi maganar ramuka.

Sadiq Fagge:
To Malam, na karɓa. Datar da ta rage min ba za ta ɗauki Unity ba, don haka Godot ya ci zaɓe ba don ya fi kowa hujja ba. Anti Zainab a yi haƙuri.

Zainab K.:
Ba komai, za ka dawo.

Sadiq Fagge:
Jama'a na dawo, kwana tara. Akwatin yana tafiya! Har na yi masa fenti ruwan ɗorawa. Amma matsala huɗu. Ɗaya, duk kwanar da na sha sai ya kife, ko a hankali nake. Biyu, in na taka shi da gudu na nufi katanga, maimakon ya daku sai ya ratsa ta ya fita ta baya kamar aljani. Uku, na sa mai kurar ruwa yana tsallaka titi, a wayata yana tafiya daidai, a wayar yayana mai tsada kuwa gudu yake kamar an biyo shi. Huɗu, na rubuta "Kuɗin balas" da "Ƙara mai" a allo, sai ga akwatuna a wurin ɗ da Ƙ.

Abba Ɗan Zariya:
Ta ɗaya ba matsala ba ce, haka direbobinku suke yi.

Iliya Damagaram:
Barka da ƙoƙari ƙanena. Ta ɗaya: injin ya ɗauka nauyin mashin ɗinka a tsakiyar akwatin yake, wato sama sosai, ga ƙafa ɗaya tak a gaba. A mashin na gaske inji da ƙarfen ƙasa su ne masu nauyi, rumfar tamfol ce kawai. Ka shiga saitin jikin, za ka ga wurin cibiyar nauyi, ka mayar da shi na hannu, ka saukar da ita kusa da ƙasa ka ɗan ja ta baya wajen ƙafa biyun.

Ta biyu ita ce mai daɗin bayani. Injin ba ya ganin tafiya, hotuna yake gani ɗaya bayan ɗaya, sau 60 a daƙiƙa. In mashin yana gudun mita 30 a daƙiƙa, kowane taki rabin mita ne. Katangarka in siririya ce, a wannan takin yana gabanta, a na gaba yana bayanta, ba a taɓa kama shi a cikinta ba, to a wurin injin ba a yi karo ba. Ko ka ƙara wa katangar kauri, ko ka kunna binciken karo mai bin layi, shi zai duba duk hanyar da aka bi tsakanin taki biyu. Ga mashin kaɗai za ka kunna, yana cin ƙarfin waya.

Zainab K.:
Ta uku kowa ya taɓa yin ta, ni ma na yi. Ka rubuta cewa a kowane firem ya matsa kaza. Wayarka tana yin firem 30 ko 60, ta yayanka wataƙila 120, to dole ya ninka gudu. Akwai wata lamba da injin yake miƙo maka a kowane firem, delta, ita ce lokacin da ya wuce tun firem ɗin baya. Ka ninka gudun da ita. Daga nan tafiyarsa ta koma ta daƙiƙa ba ta firem ba, kowace waya za ta ba ka abu ɗaya. A Unity ma haka take, a Unreal ma haka, don haka abin da ka koya yau ba zai ɓata ba ranar da ka dawo wurinmu.

Ta huɗu ba laifin inji ba ne, salon rubutun da ka ɗauko ne ba shi da haruffanmu masu lanƙwasa. Yawancin masu ƙayatarwar nan ba su da su. Ka sauke Noto Sans, kyauta ne, yana da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ manya da ƙanana. Kafin ka ƙaunaci kowane salon rubutu, fara buga masa "ƙaiƙayi" da "ɓarawo" ka gani.

Iliya Damagaram:
Kuma tun daga Godot 4 na 2023 yana iya rubutu daga dama zuwa hagu da haɗa haruffa. In ka so, allunan shagunan bakin titi ka yi wasu da ajami.

Baffa Arkitek:
Turo hoton mu gani. In ka ƙera mashin ɗin a Blender ka ba ni fayil ɗin, zan saka shi a Unreal in haska maka shi da hasken magariba ka yi fosta. Aƙalla dai ka ga abin da ka rasa.

Sadiq Fagge:
Na gyara uku, saura rubutun, sai dare in data ta yi araha. Amma Malam Iliya, da na saukar da cibiyar nauyin sosai sai ya daina kifewa kwata-kwata, ko na sha kwana da cikakken gudu, kuma daɗin ya ragu. Sai na ɗan mayar da ita sama. Yanzu tunanin da nake: duk fasinjan da ya hau, cibiyar ta matsa ɓangarensa. In ka yi kwaɗayi ka ɗauki na gaba kusa da direba, ga buhu a baya, kuɗi ya ƙaru amma kwana ta zama abin tsoro. Zai yiwu a sauya ta ana cikin tafiya?

Iliya Damagaram:
Zai yiwu, layi biyu ne na kod. Ka ƙara nauyin jikin ma, don birki ya daina kamawa da wuri.

Malam Haruna:
Wannan na fasinjan gaba ka riƙe shi da kyau. Turo min fayil ɗin in sa wa yaran ajinmu su gwada ranar Asabar, wayoyinsu su ne irin waɗanda Zainab take magana.

Abba Ɗan Zariya:
Sautin fa? Kada ka sa min ƙarar motar tsere. Gobe zan shigo Kano, zan tsaya a Bata in naɗo maka hon da salansa da muryar masu kiran Kabuga. Kuɗin mota a kanka.